Sarki Offa da Dinarin Aro

A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani ɗan kuɗin zinari, faɗinsa kamar santimita 2, nauyinsa giram 4 da 'yan kai. Duk mai karanta Larabci da ya kalle shi zai ce dinarin Abbasiyawa ne. A fuska ɗaya akwai kalmar tauhidi, a ɗayar akwai shaidar manzancin Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, a gefe kuma an zagaya da shekarar bugu, 157 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 773 zuwa 774 miladiyya, zamanin Halifa Mansur. Sai dai a tsakanin layukan Larabcin an cusa kalmomi biyu da baƙaƙen Latin, OFFA REX, wato Sarki Offa. Idan ka riƙe kuɗin yadda Larabcin zai karantu, sunan sarkin a kife yake. Idan ka juya shi don sunan ya miƙe, Larabcin ne zai kife.

Lokaci zuwa lokaci hoton wannan kuɗi yakan zagayo a Facebook da WhatsApp, da bayani a ƙarƙashinsa cewa ga shaidar wani sarkin Ingila da ya musulunta fiye da shekara 1,200 da suka wuce, Turawa suka binne labarin. Na san abin da ya sa zancen yake da daɗi a kunne. Amma ina ganin wanda ya karɓe shi ya yi asarar labarin da ya fi shi, domin abin da kuɗin nan yake faɗa game da Offa, da kuma game da ƙimar daular Musulunci a idon duniya a ƙarni na 8, ya wadatar ba sai an yi masa ƙari ba. Kafin mu kai ga dinarin, ya kamata mu san mutumin da ya sa aka buga shi.

Ƙasar mutanen iyaka

A zamanin Offa babu wata ƙasa guda mai suna Ingila. Bayan da mulkin Rumawa ya kau daga tsibirin a farkon ƙarni na 5, ƙabilun Angil da Sakson da Jut suka riƙa ƙetaro teku daga yankunan da yau suke arewacin Jamus da Denmak, suka kakkafa masarautu. Zuwa ƙarni na 8, manya daga cikinsu su ne Nortumbriya a arewa, Wessex a kudu maso yamma, Kent a kudu maso gabas, Angiliya ta Gabas a bakin tekun gabas, sai Mersiya a tsakiya. Sunan Mersiya daga kalmar iyaka ya fito a tsohon Turanci, mutanen iyaka ke nan. Maƙwabta sun kewaye ta ta kowace fuska, kuma sarakunanta sun daɗe da gane cewa wanda bai kai hari ba za a kawo masa.

Wanda ya gabaci Offa, Sarki Athelbald, ya yi shekara 41 a kan gado, har ya zama babu mai ƙarfinsa a kudancin tsibirin. A 757 dogaransa suka kashe shi da dare a wani wuri mai suna Seckington, kusa da Tamworth. Wani mai suna Beornred ya haye, Offa ya kore shi kafin shekarar ta fita.

Offa yana da jinin sarauta, amma daga nesa. Salsalarsa tana komawa ga Eowa, ɗan'uwan Penda, shahararren sarkin Mersiya na ƙarni na 7, sai dai mahaifinsa da kakansa ba su yi sarauta ba. A al'adar mutanen nan duk namijin da yake da ɗigon jinin gidan, kuma yake da isassun takubba a bayansa, yana iya neman gado. Ta wannan ƙofa Offa ya shigo, kuma ya san cewa ƙofar tana nan a buɗe ga wani. Ya ga yadda mulkin shekara 41 ya ƙare a dare ɗaya ba tare da ɗa ya gaje shi ba. A ganina, kusan duk abin da ya yi a shekara 39 da suka biyo baya ƙoƙari ne na rufe wannan ƙofa, da neman abin da takobi kaɗai ba ya bayarwa, wato mutane su yarda cewa sarautar tasa ce kuma ta ɗansa ce.

Yadda sarki yake komawa hakimi

Mersiya ba ta bar mana littafin tarihinta ba. Bede, malamin Nortumbriya da ake dogaro da shi kan ƙarnukan farko, ya kammala littafinsa a 731, ya rasu a 735, tun Offa bai hau ba. Babban kundin tarihin Angilo-Sakson kuwa a Wessex aka fara tsara shi, kusan shekara 100 bayan Offa, a zamanin jikan abokin gabarsa. Abin da ya rage mana daga zamaninsa su ne takardun kyautar ƙasa, da wasiƙu, da kuɗi, da ƙasar da aka haƙa aka tara.

Takardun nan suna da daɗin karatu ga mai haƙuri, domin a ƙarshen kowace akwai jerin shaidu, kowa da muƙaminsa, kuma daga shekara zuwa shekara ana iya ganin muƙamin mutum yana raguwa. Masu mulkin ƙasar Hwicce, a yankin Worcester, sun fara bayyana da laƙabin ƙananan sarakuna, daga baya aka riƙa haɗa musu da laƙabin da ya yi daidai da hakimi, a ƙarshe gidan ya ɓace daga takardu. A Sussex, bayan Offa ya ci mutanen Hastings da yaƙi a 771, mutanen da a da suke sa hannu a matsayin sarakuna suka koma sa hannu a matsayin hakimansa.

Kent ta fi ba shi wahala. Tana da arziki, tana fuskantar Faransa, kuma a can Canterbury take, mazaunin babban bishop na kudancin tsibirin. Tun 764 Offa yake ba da kyautar ƙasa a Kent, sarkin wurin yana cikin shaidu. A 776 aka gwabza a Otford. Kundin tarihi bai ambaci wanda ya yi nasara ba, amma kusan shekara 10 bayan haka sarakunan Kent suna ba da takardunsu ba tare da sunan Offa ba, har zuwa 785 da ya dawo da ikonsa. Wata takarda da aka rubuta bayan rasuwarsa ta adana yadda yake kallon lamarin. Wani sarkin Kent ya ba bafadensa ƙasa, ƙasar ta koma hannun cocin Canterbury, Offa ya ƙwace ta, hujjarsa ita ce bai dace wanda yake ƙarƙashinsa ya kyautar da ƙasa ba tare da shaidarsa ba. Mutumin da yake kiran kansa sarki, a wajen Offa bara ne.

Wessex kuwa ya ci ta da yaƙi a Bensington a 779, sannan ya ɗaure ta da aure. A 789 ya aurar da 'yarsa Eadburh ga Sarki Beorhtric, su biyun suka haɗu suka kori wani mai neman gado mai suna Egbert, ya gudu Faransa. A riƙe wannan suna, zai dawo. A 792 wata 'yar tasa ta auri sarkin Nortumbriya. Inda aure bai yi ba, takobi ya yi. A 794 aka fille kan Athelbert, sarkin Angiliya ta Gabas, da umarnin Offa. Wannan sarki ya buga kuɗi da sunan kansa, kuma ba abu ne da Offa yake ƙyalewa ba. Daga baya mutane suka ɗauki Athelbert waliyyi, har yau babban cocin Hereford yana ɗauke da sunansa.

Ganuwa mai fuskantar yamma

Abin da yawancin Turawan Ingila suka sani game da Offa ita ce ganuwarsa. Asser, wani bishop ɗan Wales da ya rubuta tarihin Sarki Alfred a 893, ya ambaci cewa Offa ya sa an gina babbar ganuwa tsakanin Wales da Mersiya daga teku zuwa teku. Abin da ya rage a yau ya kai wajen kilomita 130, tudun ƙasa da gwalalo a gefensa. A wasu wurare faɗin tudun da gwalalon ya kai mita 20, tsayin tudun ya haura mita 2 duk da zaizayar ƙarnuka 12. Gwalalon yana ɓangaren Wales, kuma an bi da ganuwar ta kan tuddai yadda mai tsaye a kanta zai hangi yamma. Har yau mutanen Wales suna kiranta da sunan Offa a harshensu.

Masana sun rabu kan manufarta, wasu sun ce kariya ce daga harin masarautar Powys, wasu sun ce alamar iyaka ce da nuna isa, kuma gwajin da aka yi wa ƙasar wasu sassa ya nuna suna iya girme wa Offa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne hannayen da suka yi aikin. Duk wanda ya san ganuwar birni ya san cewa ba a tara ƙasa haka sai da dubban mutane, da abincinsu, da mai raba musu aiki, da mai hukunta wanda ya ƙi zuwa. Takardun Mersiya na wannan ƙarni sun nuna yadda aka yi. Ko da sarki ya yafe wa ƙasar coci haraji, yakan ware wajibai uku da ba a yafewa: fita yaƙi, gyaran gada, da ginin ganuwa. Sarkin da yake iya kiran manoma daga gonakinsu su yi watanni suna haƙa a bakin iyaka, ya nuna wa mutanen Wales ƙarfinsa, ya kuma nuna wa mutanensa.

Kuɗin azurfa mai sunan sarki

Kafin Offa, kuɗin da yake yawo a tsibirin 'yan ƙananan azurfa ne masu kauri, yawancinsu babu sunan kowa a jiki, kuma zuwa tsakiyar ƙarnin azurfar cikinsu ta yi ƙaranci. A Faransa, wajen 755, Sarki Pepin ya fito da sabon kuɗi mai faɗi, siriri, ɗauke da sunan sarki. Wasu sarakunan Kent da na Angiliya ta Gabas suka gwada irinsa, amma Offa ne ya mai da shi kuɗin kudancin Ingila. Wannan shi ne feni. A fuska ɗaya sunan sarki, a ɗayar sunan maƙerin da ya buga, don a san wanda za a kama idan azurfar ta gaza. An buga shi a Canterbury da Landan da Angiliya ta Gabas. Wajen 792 aka ƙara masa nauyi zuwa kusan giram ɗaya da rabi.

A jikin wasu akwai hoton Offa, an zana shi irin yadda ake zana sarakunan Rum na da. A jikin wasu kuma akwai sunan matarsa, Kinethrith, wadda ita kaɗai ce sarauniyar Angilo-Sakson da aka taɓa buga kuɗi da sunanta. Rumawa sun yi wa matan sarakunansu haka, daga can aka aro. Amma saƙon na gida ne: ga matar sarki ta halal, ɗan da ta haifa shi ne magaji, sauran masu ɗigon jini su yi haƙuri.

Halin Offa ya fara fitowa. Siffar kuɗin daga Faransa, hoton daga Rum, martabar sarauniya daga Rum. Duk inda ya ga alamar da mutane suka riga suka yarda da ita, sai ya ɗauko ya sa sunansa a kai.

Dinarin

To, a ƙarni na 8 wace alama ce ta fi kowace karɓuwa a kasuwannin duniya? Yammacin Turai ya kusan daina buga kuɗin zinari. Zinarin da yake yawo a Bahar Rum na Rumawan Gabas ne da na Musulmi. Tun gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 bayan hijira, dinari ya tsaya a kan nauyi ɗaya, miskali guda, wajen giram 4.25, zinari mai kyau, babu hoto, rubutu zalla. Ɗan kasuwa a Italiya ba sai ya iya Larabci ba kafin ya karɓe shi. Ya san siffarsa, ya san nauyinsa, ya san za a karɓa a hannunsa gobe. Kuma dinarin zamanin Mansur ba ya ɗauke da sunan halifa, don haka babu sunan wani sarki da Offa zai goge kafin ya sa nasa.

Maƙerin Offa ya kwaikwayi dinarin kamar yadda ake kwaikwayon zane. Akwai kurakurai a Larabcinsa irin na wanda yake bin siffar baƙaƙe bai san abin da suke faɗa ba, kuma kifewar sunan sarki ta nuna bai san sama da ƙasan rubutun ba. Har shekarar ma ya kwafe. Saboda haka 157 ba ta nuna shekarar da aka buga kuɗin Offa, iyakarta ta nuna cewa ba a buga shi kafin nan ba.

Duk abin da muka sani na rayuwar Offa bayan 774 rayuwar sarkin Kirista ce. Ya karɓi wakilan Paparoma a 786, ya shugabanci tarukan bishop-bishop, ya ba gidajen ibadar Kirista ƙasa, ana danganta masa kafa gidan ruhubanawa na St Albans. Wata wasiƙar Paparoma Leo na Uku ta ambaci cewa Offa ya yi alkawarin aika mankus 365 zuwa birnin Rum kowace shekara, ɗaya a madadin kowace rana, don ciyar da matalauta da kunna fitilun coci. Mankus kuɗin zinari ne da ake lissafa shi daidai da feni 30, kuma masana harshe da yawa suna ganin sunan daga kalmar Larabci manƙush ya fito, wato abin da aka sassaƙa wa rubutu. Dinarin Offa guda ɗaya tak ya rage a duniya, kuma a birnin Rum aka fara ganinsa a ƙarni na 19. Wannan ya sa wasu suke ganin yana cikin kuɗin alkawarin, wasu kuma suke ganin na ciniki ne ko na kyauta.

Offa ba shi kaɗai ya yi haka ba. A ƙarni na 11 masu mulkin Barcelona sun buga kwaikwayon dinarin Andalus. 'Yan Salibiyya da suka zo yaƙar Musulmi a ƙasar Sham sun daɗe suna buga dinari irin na Faɗimiyawa da rubutunsa na Musulunci, har sai da aka kai ƙara wajen Paparoma Innocent na Huɗu a tsakiyar ƙarni na 13 ya hana. Babu mai cewa waɗannan sun musulunta. Mu ma a nan mun ga irin wannan ta ɗaya fuskar. Liyari, kuɗin azurfar nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ya yi yawo a kasuwannin Borno da ƙasar Hausa da Sudan da Habasha da Larabawa, kuma ko yaushe aka buga shi shekarar da take jikinsa 1780 ce, domin da ita aka san shi. Fataken Musulmi sun karɓi hoton sarauniyar Katolika saboda azurfarta ba ta ƙarya. Sarkin Kirista ya sa sunansa a tsakiyar kalmar shahada saboda zinarin da yake ɗauke da ita ba ya ƙarya. Idan ana neman abin alfahari a dinarin Offa, ga shi nan: shekara 160 da 'yan kai bayan hijira, a tsibirin da yake ƙarshen duniyar da aka sani, siffar kuɗin gaskiya ita ce siffar dinari.

Ɗan'uwan Sharlaman

Akwai wanda Offa ya fi son ya yarda da shi, shi ne Sharlaman, sarkin Faransawa, wanda daularsa ta ninka Mersiya sau da yawa. Wajen 790 Sharlaman ya nemi 'yar Offa ga ɗansa Charles. Offa ya ce ya yarda, da sharaɗin a ba ɗansa Egfrith 'yar Sharlaman, Bertha. A wajen Sharlaman, karɓar 'yar ƙaramin sarki alfarma ce, ba da tasa kuwa amincewa ce cewa su biyun tsara ne. Ya fusata, ya rufe tasoshin jiragensa ga fataken Ingila. Offa ma ya rufe nasa. Sai da masu shiga tsakani suka yi aiki kafin a shirya, cikinsu har da Alkuwin, malamin nan ɗan York da yake fadar Sharlaman.

Wasiƙar da Sharlaman ya aiko a 796 tana nan. A cikinta ya kira Offa ɗan'uwa. Ya yi alkawarin kare fataken Ingila a ƙasarsa, ya nemi a yi wa nasa haka. Ya ce masu ziyarar ibada zuwa Rum su wuce ba haraji, amma fataken da suke fakewa da ziyara sai sun biya. Sannan manyan sarakunan biyu suka sauko kan abin da ya dami kasuwa. Offa ya nemi wasu baƙaƙen duwatsu, Sharlaman ya ce a aiko wanda zai faɗi irin da ake so, shi kuma ya koka cewa mayafan da ake kawowa daga Ingila sun gajarce, a mayar da su tsawonsu na da. Ya haɗa da kyautar ɗamara da takobi da alkyabbar siliki biyu daga ganimar da ya samo a yaƙin Awar. Offa ya samu kalmar da yake nema, ko da yake bai samu amaryar ba.

Kwana 141

Babban aron da Offa ya yi daga Faransa shi ne na naɗi. A 781 Paparoma Adriyan ya keɓe 'ya'yan Sharlaman biyu a matsayin sarakuna tun mahaifinsu yana raye. Offa ya so a yi wa Egfrith haka, domin yaron da coci ya keɓe ya fita daga sahun sauran masu neman gado. Amma babban bishop na Canterbury, Janbert, mutumin Kent ne, kuma ba sa ga maciji da Offa. Sai Offa ya nemi Paparoma ya raba lardin Canterbury biyu. A 787, a wani taro da kundin tarihi ya bayyana da mai cike da jayayya, aka ɗaga bishop na Lichfield, a tsakiyar Mersiya, ya zama babban bishop. A wannan shekarar aka keɓe Egfrith sarki. Shi ne karo na farko da aka rubuta irin wannan naɗi a tarihin Ingila.

Offa ya rasu a watan Yulin 796. Egfrith ya hau, ya yi kwana 141, ya rasu. Alkuwin, wanda a da ya yabi Offa a wasiƙunsa, ya rubuta wa wani hakimin Mersiya cewa a ganinsa saurayin bai mutu don zunubin kansa ba, alhakin jinin da uban ya zubar don ya tabbatar masa da gado ne ya sauka a kansa, kuma wannan zubar da jini rushe mulki ne, ko da an yi shi da sunan ƙarfafa shi. Wanda ya gaji Egfrith, Kenwulf, dangantakarsa da Offa mai nisa ce ƙwarai. Alama ce cewa na kusa ba su rage ba.

Sauran ginin ya bi baya. Kent ta yi tawaye a shekarar da Offa ya rasu, Angiliya ta Gabas ta koma buga kuɗi da sunan sarkinta. Kenwulf ya murƙushe Kent a 798, amma shi da kansa ya rubuta wa Paparoma cewa ƙiyayyar Janbert da mutanen Kent ce ta sa Offa ya ƙirƙiri kujerar Lichfield, kuma a 803 aka soke ta. A 802 Beorhtric na Wessex ya mutu, Egbert ya dawo daga gudun hijira ya hau. A 825 ya ci Mersiya da yaƙi a Ellendun, Kent da Sussex suka koma hannun Wessex. Jikan Egbert shi ne Alfred, kuma zuriyarsa ce ta haɗa Ingila. A kundin tarihin da aka tsara a zamanin Alfred akwai jerin sarakunan da aka ce sun mallaki Birtaniya, babu Offa a ciki. Alfred ya ambaci cewa ya duba dokokin Offa lokacin da yake tsara nasa, amma dokokin ba su iso gare mu a matsayin kundi ba.

Hausawa suna cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma rabin labarin Offa ya gaskata su. Naɗin da ya aro bai kare ɗansa ba, babban bishop ɗin da ya ƙirƙira bai wuce shekara 16 ba, sarakunan da ya mai da hakimai jiran mutuwarsa kawai suke yi. Abin da aka karɓa don tsoronsa ya tafi tare da shi. Amma akwai aro ɗaya da ya zauna, shi ne wanda kowa yake iya aunawa a tafin hannunsa ya ga amfaninsa. Feni ya zama kusan shi kaɗai ne kuɗin Ingila na tsawon shekara 500, mai son rabi ya yanka shi biyu, mai son kwata ya yanka shi huɗu. Wessex ta rushe ikon Mersiya ta riƙe kuɗinta, Normandawa suka ci Ingila a 1066 su ma suka riƙe shi.

Daga baya azurfar ta koma tagulla, lissafin ya zauna a kan feni 12 sule guda, sule 20 fam guda, feni 240 ke nan a fam. Da wannan lissafi Turawan mulkin mallaka suka zo, kakanninmu suka sa wa feni suna kwabo, daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe, suka yi ciniki da taro da sisi da nai. Harafin d da 'yan makarantar wancan zamani suke rubutawa bayan adadin kwabo daga denarius na Rumawa ya fito, kalmar da ta haifi dinari, wadda kuma masana harshe suke danganta kalmarmu ta zinari da ita. Birtaniya ta bar wannan lissafi a 1971, Nijeriya ta bar shi a Janairun 1973 da zuwan naira, amma aka riƙe sunan kwabo. Wanda ya ce ba shi da ko kwabo a yau yana ambaton jikan kuɗin da maƙeran Canterbury da Landan suka buga wa Offa.